Kisan da Ake Tashi a Kaɗe Ƙura

Abin da ya fara tarbata a Ingila ƙofa ce da ta ƙi buɗuwa. Ina tsaye da akwatuna biyu a gaban wani gida, ruwan sama yana bi ta wuyan hijabina, ina ta kiran lambar mutumin da ya ce ya kama mini ɗaki. Ɗan ƙasarmu ne, a waya muka haɗu, ya ce in riƙa ce masa Alhaji. Tun ina Talata Mafara ya karɓi kuɗin haya, ya turo mini hoton gado da labule. Da ƙofar ta buɗe, wata tsohuwar Baturiya ce ta leƙo rungume da kare. Ta ce ba ta san wani Alhaji ba, kuma ba ni ce ta farko da ta zo mata da hoton nan ba. Lambarsa ba ta sake shiga ba har yau. In yana karanta wannan, ya sani ban yafe ba.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi akwatunan, ta ce in shigo. Na zauna a falonta ina ɗage ƙafa, karen yana shinshina zanena, ita kuma tana buga waya jami'a har aka samo mini wani ɗan ɗaki. Ta ba ni shayi marar sukari. Na shanye shi tas, don ban san yadda ake ƙin abin mutumin da ya rufa maka asiri ba.

Sunana Kulu. 'Yar mahauta ce ni gaba da baya. Ban taɓa zama a aji ba sai da na haifi 'ya'ya uku, mijina kuma ya rasu. Da ajin yaƙi da jahilci na fara, na rubuta jarrabawar sakandare tare da sa'o'in ɗiyata, na bi ta kwalejin aikin gona, har na kai ga digiri da furfura a goshi. Aikina malamar gona a Bakolori, tare da mata masu noman albasa da shinkafa. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyina in yi shekara ɗaya ina karatun sarrafa ruwan noman rani. Sharaɗinsu a fili yake: ka faɗi jarrabawa sau biyu, ko ka jawo musu abin kunya, su janye hannu ka koma gida. A gida kuwa akwai masu jira. Ƙanin mijina ya faɗa a gaban mutane cewa tsohuwa da boko, akwati kawai za ta dawo da shi.

Garin da na sauka yana arewacin ƙasar, a bakin teku. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama. A aji ni ce babba, har malamin ma na girme shi. Turancina kuwa na aro ne. Sai na shirya magana da Hausa a ciki, sannan in juye ta kalma bayan kalma. Ranar da na gaya wa malaminmu ina son in ci jarrabawa, ya tambaye ni ko ban karya ba. Na ce wa wata 'yar ajinmu na sha wuya a hanya, ta ce wane irin abin sha ne wannan. Suna dariya, ina dariya. A lokacin ban san wannan ɗabi'ar tana jirana a gaba da sanda ba.

Rubutun farko da na miƙa, na faɗi. Malamin ya ce na san ruwa, na san gona, amma ina rubutu kamar mai faɗa da wani a kasuwa. Ya ce in sake, kuma wannan ce dama ta ƙarshe. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Na yi kwanaki ina buɗe littafi ina rufewa. Idan ɗana Bello ya bugo, sai in ce masa komai lafiya, sanyi ne kawai.

Kewar gida ta kai ni inda ba wanda zai zata. Akwai shagon wani mahauci Bapakistane a bayan layinmu, mai gemu ja da lalle. Ba sayen nama nake zuwa yi ba, warin nake zuwa shaƙa. Da inji yake yanka ƙashi, abin da Babana zai kira lalaci, amma warin ɗanyen nama iri ɗaya ne a ko'ina. Ya gane ni, ya daina tambayata me nake so, wani lokaci ma ya ƙunsa mini ƙashin miya. Wata Talata da la'asar ina tsaye a shagon sai na ji rufin yana amsawa: dum, dum, tas. Dum, dum, tas. Na ɗaga kai, don na san wannan sautin tun ban san sunana ba.

“Me ake yi a sama?”

Ya ce yara ne ke koyon dambe.

Dambe wasan gidanmu ne. Babana, Labbo, ya yi shi da ƙuruciya. Da an cire amfanin gona sai su kama hanya, Bakura, Maradun, Tsibiri, duk inda aka kafa fage. Ina yarinya nakan bi su da tallan fura, in ajiye ƙwaryar in hau katanga. A kan katangar nan na fara ganin an kashe Baba a Maradun. Gwiwarsa ta taɓa ƙasa, kalangu ya rikice, fage ya ɗauki ihu. Na fashe da kuka. Shi kuwa ya tashi ya kaɗe ƙura, ya rungumi wanda ya kashe shi, ya zo ya saya mini rake. Abu ɗaya ne ba a taɓa bari na yi ba: taɓa zaren da suke ɗaure hannu da shi. Wai hannun mace yana karya asiri.

Na hau benen. Ɗaki ne mai warin zufa da roba, buhuna a rataye, yara maza da mata suna ta jibgarsu. Mai koyar da su wani tsoho ne, Derik, tsohon direban bas, hancinsa a baje kamar an taka. Ya ga mace da hijabi har gwiwa a bakin ƙofa, ya zaci ɓatan hanya na yi. Na nuna masa wata yarinya na ce an ɗaure mata hannu sako-sako, za ta gurɗe. Ya duba, ya dube ni. Ya ce 'yan mata sun fara yawa, doka kuma ta ce sai da mace babba a wurin, shi kuwa ba shi da abin biya. Na ce ban tambaye shi biya ba. Aka yi makonni ana bincikena kafin a yarda in kusanci yaran mutane, sannan na fara. Ina share ƙasa, ina cika gorunan ruwa, ina ɗaure hannu. Ranar da na fara naɗa ƙyallen a hannun yarinya, sai na tuna zaren Baba. Abin da aka hana ni a fagen ubana, ga shi an miƙo mini a ƙasar Turawa.

A cikinsu akwai Moli. Siririya ce, mai jan gashi, ba ta wuce shekara goma sha uku ba, a hannun kakarta take. Bahaguwa ce, kuma hagun nan nata yana da nauyi, amma da ta ga naushi ya taho sai ta rufe ido ta juya ƙeya.

“Ke, wa kike ba ƙeya?” in ce mata. “Buɗe idonki ki ga abin da zai same ki.”

“Yana da zafi, Kulu.”

“Da kika rufe ido ya daina zafi?”

Idan ina ɗaure mata hannu nakan yi mata kirari da Hausa ƙasa-ƙasa: jan gashi jikar tsohuwa, hagun da ba a gani sai an ji. Ba ta san me nake cewa ba, amma sai ta miƙe wuya. Derik kuwa kalma ɗaya ya iya: sake. Yarinya ta kai naushi, sake. Ta gyara, sake. Ba ya zagi, ba ya yabo. Ina zaune a benci ina kallon Moli tana maimaita naushi ɗaya har hannunta ya ƙi ɗaguwa, sai kunya ta kama ni. Yarinya ƙarama ana ce mata sake tana sakewa, ni an ce mini sake sau ɗaya na kwanta jinya. Na fara zuwa da littattafaina. Tsakanin share ƙasa da cika gora sai in rubuta shafi, in yage, in sake. Rubutun ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Ana saura 'yan makonni in miƙa shi aka haɗa gasa a wani gari kusa da mu. Ranar Asabar ce da rana, zauren cike da iyaye. Derik ya ce in tsaya tare da shi a kusurwar Moli, ina riƙe da bokiti da tawul. Abokiyar karawarta sunanta Keti, ta fi ta tsawo, ta fi ta cika. Su ma turmi uku suke yi kamar namu. Turmin farko Moli ta sha duka, ƙeyar nan ta dawo. Na biyu ta fara buɗe ido. A na uku Keti ta kawo dama ta wuce, haƙarƙarinta ya buɗe, Moli ta saki hagun nan. Na ji saukarsa har cikin haƙorina. Keti ta yi baya tana tangaɗi, gwiwarta ta lanƙwashe, saura kaɗan ta taɓa ƙasa.

Ban san lokacin da bokitin ya bar hannuna ba. Ba a Ingila nake ba a lokacin, a kan katangar Maradun nake. Na kurma ihu: “Kashe ta! Kashe ta!” Sai na tuna yarinyar ba ta jin Hausa. Na yi abin da na saba yi a aji. Na juye maganar zuwa Turanci yadda take, da kalmar nan tasu da ba ta da ma'ana sai raba mutum da ransa. Na faɗe ta da duk ƙarfin muryata, ina dukan dandamalin da tafin hannu. Ban san sau nawa ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne shiru. Alƙalin wasa ya shiga tsakanin yaran. Keti ta saki hannuwa tana kallona, idonta ya yi fari. Wata mata ta taso daga cikin kujeru tana ture mutane tana kiran sunanta. Wayoyi a sama, duk a kaina. Maza biyu suka zo suka ce in fita, ba su taɓa ni ba, amma ɗaya a dama ɗaya a hagu har bakin titi. Aka soke wasan, aka ba Keti.

A mota, muna shigowa gari, Derik ya tambaye ni:

“Kin san abin da kika ce?”

“Cewa na yi ta kayar da ita.”

“Ba haka kika ce ba.”

“A wurinmu haka ake faɗa.”

“Nan ba wurinku ba ne. Kada ki zo Talata.”

Kafin Litinin hoton ya zagaye garin. Na kalle shi sau ɗaya: baƙar mace da hijabi, jijiyar wuya a waje, tana ihu a kashe 'yar Turawa. Ni kaina da ban san matar ba da na tsorata da ita. 'Yan sanda biyu suka zo da hantsi, da ladabinsu, suka zauna a bakin gadona. Macen cikinsu ta ce ta karanta labarin jiharmu, ta tambaye ni ko ina da wata alaƙa da masu bindiga. Na ce ina da ita, su suka kashe mini ƙane. Ta sunkuyar da kai ta rubuta. Suka tafi ba su kama ni ba, amma suka ce maganar tana hannun jami'a. Jami'a ta sa ranar zama, Talata ta sama. Masu ɗaukar nauyina suka ce sun dakatar da komai sai sun ji hukunci.

Na san hukuncin. Na sauko da akwatunan nan biyu na fara ninke kaya. Na ce gara in tafi da ƙafata kafin a kore ni, in ce wa mutanen gida sanyi ne ya kayar da ni. Ina cikin haka aka buga ƙofa. Moli ce da kakarta, wata gajeriyar tsohuwa mai sanda. Moli ba ta gaishe ni ba. Ta dubi akwatin a buɗe.

“Tafiya za ki yi?”

Na ce i.

“Kin sa an ƙwace mini wasan da na kusa ci, wasana na farko, kuma yanzu ki ba ni ƙeya?”

Na ajiye zanen da nake ninkewa.

Kakar ta zauna a kan kujerata ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce in yi mata bayanin kalmar. Na yi. Na gaya mata fage, da kalangu, da gwiwa a ƙasa, da raken Maradun. Ta saurara tana juya sandarta.

“Ni na yarda,” ta ce. “Su mutanen jami'a ba za su yarda ba, don kowa zai iya ƙirƙiro wannan in ya shiga uku. Akwai wanda aka taɓa yi wa irin kisan nan da zai iya magana?”

Rabona da dariya tun Asabar. Na ce akwai, kuma magana ma sai an roƙe shi ya yi shiru.

Ranar zaman aka shigar da ni wani ɗaki mai dogon tebur. Mutum uku a gaba, shugabarsu wata mata mai tabarau a kan hanci. Uwar Keti tana gefe, hannuwa a harɗe. Derik ya zo, ya zauna nesa da ni. Sun kawo tafinta, wani Bakano da ke aiki a garin, don kada a ce ni na juya maganar. Aka kunna hoton. Muryata ta cika ɗakin. Uwar Keti ta rufe ido.

Shugabar ta ce me zan ce. Na ce ina da shaida a Talata Mafara, in za su bari in kira shi. Suka dubi juna, suka yarda. Na kira Bello. Bai shiga ba. Na sake. Sabis ɗin garinmu sai ya ga dama, ranar kasuwa kuma ya fi taurin kai. Shugabar ta dubi agogo. Ana uku ana huɗu sai ga fuskar Bello, ga hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya juya wayar.

Na manta Talata ce. Baba ya bayyana a rumfarsa, riga duk jini, barho a hannun dama, kan saniya a rataye a bayansa. Shugabar ta ja kujerarta baya. Ɗaya daga cikin mazan ya ajiye biro.

“Baba, aje wuƙar! Don Allah aje ta!”

“Ke Kulu! Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya? Ina baƙunta? Yaya sanyi? Kina lahiya? Su wa na nan zamne awa masu zaman makoki? A gaishe min da su ɗaya-ɗaya.”

Hoton yana tsayawa yana tafiya, shi kuwa sai da ya tambayi lafiyar iyalin kowa. Tafinta ya yi sallama, ya ce shi zai juya magana.

“Bakano na? To buɗe kunnenka, yaro, Hausa za ka ji.”

Shugabar ta ce a tambaye shi, a wasansu me ake nufi in an ce a kashe mutum. Baba ya dubi wayar kamar an tambaye shi me ake nufi da ruwa.

“Kisa dai? A kai mutum ƙasa mana. Ni nan an kashe ni ya fi a ƙirga. Jabbi! Kai Jabbi! Taho, Turawa ka son ganin wanda yak kashe ni Maradun.”

Sai ga Jabbi na Bakura ya kutso kai, tsoho tukuf, mai sayen fata, bakinsa ja da goro, haƙori bai fi a irga da hannu ɗaya ba.

“Ni nak kashe shi,” ya ce. “Da hagu. Gaban ɗiyatai.”

“Ƙarya kakai, santsi na.”

“Santsi da rani, Labbo?”

“To ni ban kashe ka ba Tsibiri? Wa anka ɗauka awa buhun gero?”

Tafinta yana share goshi yana juyawa: wannan ya ce shi ya kashe wancan, wancan ya ce shi ma ya kashe wannan. Matattu biyu suna ture juna a gaban waya suna raba goro. Namijin da ya ajiye biro ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗarsa tana rawa. Derik ya sunkuyar da kai yana murza hanci.

Uwar Keti ba ta yi dariya ba. Ta jira aka natsu.

“'Yata ba ta san kasuwarku ba,” ta ce. “Shekararta goma sha biyu. Ta daina barci ita kaɗai. Ta tambaye ni ko matar nan ta san gidanmu.”

Duk abin da na shirya faɗa ya zube. Na zo da niyyar in kare kalmata, kuma har yau ina cewa kalmar ba ta da laifi a fagenta. Amma wannan tambayar na san ta. Yaran ƙanena Sani sun yi mini irinta.

Na ce wa tafinta ya bari, da bakina zan faɗa. Na yi a hankali, ina duba kowace kalma kafin in sake ta. Na ce ina da ƙane, Sani, ya tafi gonarsa ta gero wajen Tsibiri da safe, rigarsa aka kawo mana kafin gawarsa. Na ce wancan kisan ba a yi masa kalangu, ba a hawa katanga a kalle shi. Mu a gida ko sunansa ba ma iya kira, cewa muke sun same shi a gona. Na ce na san yadda yaro yake in ya fara tambaya ko an san gidansu. Na juya na fuskanci uwar Keti.

“Su waɗannan ba su nake ba haƙuri ba, su yi hukuncinsu. 'Yarki nake son in ba, in kin yarda in gan ta. Ta ga matar nan tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ba ta iya Turanci ba.”

Ta saki hannuwanta dai daga harɗewa. A cikin shirun nan sai muryar Baba, wanda kowa ya manta yana kan waya:

“Ke Kulu, wai ita yarinyag ga taku, ta kashe ta ko babu kisa?”

Shugabar ta dubi tafinta ta ce me ya ce. Bakanon ya dube ni, ya dubi rufi, ya gyara murya.

“Yana tambaya wa ya ci wasan.”

“Na ji kalmar,” in ji uwar Keti. “Ya sake faɗinta, ko?”

“Ya sake,” na ce.

Ta yi wani dogon numfashi, ta girgiza kai. “Gaya masa 'yata ce ta ci.”

Na gaya masa. Ya ce to madalla, a gaishe ta, ita kuma tamu ta daina ba da ƙeya. Ban taɓa gaya masa Moli tana ba da ƙeya ba. Sabis ya ɗauke kafin in tambaye shi.

Suka fitar da ni, suka daɗe, suka dawo da ni. Gargaɗi aka yi mini. Karatu in ci gaba. Kusurwar fage kuwa an hana ni har ƙarshen shekara, ko zauren gasa kada in shiga, iyakata ɗakin shiri. A bakin ƙofa Derik ya wuce ni ba tare da ya kalle ni ba, ya ce ƙasan ɗakinsa ta yi datti tun makon jiya.

Na ga Keti a gidansu. Ta tsaya a bayan uwarta, ni kuma na durƙusa da gwiwata mai ciwo na faɗi abin da na zo faɗa. Ba mu zama ƙawaye ba, kada in yi muku ƙarya. Ta dai tambaye ni ko da gaske babana yana yawo da wuƙa, na ce sai ranar kasuwa.

Rubutuna na miƙa shi a kan lokaci. Malamin ya ce har yanzu ina faɗa, amma yanzu ya ga da wa nake yi. Na ci, kuma wannan karon bai tambaye ni ko na karya ba. Takardar tana nan rataye a ɗakina a Mafara, inda ƙanin mijina yake zama in ya zo gaisuwa.

Kafin in baro ƙasar Moli ta sake shiga gasa, da wata yarinya daban. Na ɗaure mata hannu a ɗakin shiri, na yi mata kirarinta, ta wuce ta bar ni a lungu bayan ƙofa. Ba na ganin komai, sai sauti. Na cusa bakin hijabina a baki na cije, don ban yarda da kaina ba. Turmi ɗaya. Turmi biyu. A na uku na ji wani abu ya faɗi tim, zauren ya ɗauki ihu, ban san na wa ba ne.

Ƙofar ta buɗe. Moli ce, leɓe a kumbure, ido ɗaya ya fara rufewa. Dukan duk a fuska yake, ko ɗaya babu a ƙeya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta tabbatar ba kowa, sannan ta matso kunnena ta faɗa da Hausarta ta 'yan koyo:

“An kashe ni.”

Na cire hijabin daga baki. “To sai me?”

Ta miƙo mini hannun hagu in kwance mata.

“Sai Talata,” ta ce.